Hannun Da Mbarka Ta Kama

Shafi na 14

Mutanena, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in na ƙara ja mata rai za ta biyo ni Marrakesh ta ƙwace wayar. Bismillah, ƙofa a buɗe take, sai dai ki taho da yajinki, mutanen nan ba su san daɗin barkono ba. Mu koma gidan Mbarka.

*

Tun ranar Talata Mbarka ba ta ƙara jin ɗanɗanon komai ba.

Tana ci, tana sha, tana salla a kan lokaci. Ko da tafasasshen ruwan kuskus ya zubo mata a bayan hannu da safiyar Juma'ar nan, kallon wurin kawai ta yi ta ci gaba da aikinta.

Rkia, abokiyar sana'arta da ta zo taya ta girki, ita ce ta yi ihun a madadinta.

"Wayyo ni! Ke jikinki na katako ne? Tsoma hannun a ruwa mana!"

"Bai yi zafi ba."

"Bai yi zafi ba ga fata ta yi jawur? Mbarka, ki yi kuka ki huta. Ko ki zage shi. In ba za ki iya ba ki bar min, na iya zagi har da na Faransanci."

"Ɗana ne."

"Ai ni ma ban ce ɗan maƙwabta ne ba."

Mbarka mai lalle ce a dandalin Jama'ul Fana. Shekara da shekaru tana kan 'yar kujerar roba ɗaya a ƙarƙashin lema, tsakanin masu matse lemo da masu wasa da macizai, fuska a rufe da niƙabi kamar sauran masu lallen. Ba wai sun fi kowa tsoron Allah ba ne, a'a, don kada surukai da 'yan unguwa su gane su ne. Da sirinjin da take zana lalle da shi ta yi wa ɗanta Marwan karatu har ya haye Beljiyam ya samu aiki. Shi kuwa ya san komai. Yana ƙarami a gindin kujerar nan yake barcin rana.

Ya ce mata ran Juma'a zai sauka da yarinyar da zai aura. Ashe tun farkon mako suna gari. Sun kama ɗaki a masaukin baƙi, yana ta zagayawa da ita da hular rana da gajeren wando, kai ka ce shi ma yau ya fara ganin garin.

To, sana'ar nan tana da riƙonta. Ba a tambayar baƙuwa ko tana so, kina tambaya ta wuce. Cafke hannun ake yi: babban yatsa a kan jijiyar wuyan hannu, sauran huɗun ta ƙasa, a juya shi bayansa ya kalli sama, kafin ta buɗe baki an ja mata layi uku. Sannan a ce kyauta ce, don sa'ar aure.

Ranar Talatar da la'asar Mbarka ta hango wata doguwar yarinya ta tsaya tana ɗaukar hoton mai biri, hannun hagu a sake. Ta cafke. Sirinjin da ya zo mata kuwa na baƙin lalle ne, wanda ake haɗawa da rinin gashi. Shi ne mai saurin bushewa, shi ne mai fitowa a hoto, shi ne kuma mai ƙona fatar wasu. Duk masu lallen sun san da haka, kowacce dai cewa take Allah ya sa ba a hannunta za a samu matsala ba.

Ta ja reshe, ta fara ganyaye, yarinyar na dariya tana cewa a'a, a'a. Sai ji ta yi an fizge hannun.

"Sakar mata hannu! Ku ba ku da aiki sai damun mutane? Matsa can!"

Ta ɗago kai. Marwan ne.

Niƙabi yana ɓoye mace ga surukanta, amma ina zai ɓoye ta ga ɗan da ta goya? Ta gani a idonsa ya gane ta. Ta jira ya ce Mmi, wato Mama, kamar yadda yake kiranta tun bakinsa bai iya magana ba.

"Matsa can," ya sake cewa, a hankali wannan karon. Ya ja yarinyar suka shige cikin jama'a.

Wallahi ni mai ba ku labarin nan, duk sanda na zo wurin nan sai na ajiye wayar na sha ruwa. Ita kuwa Mbarka komawa ta yi ta zauna, ta goge bakin sirinjin, ta yi wa wasu 'yan Sifen biyu lalle kafin magariba.

"Ya kira ki tun ranar?" in ji Rkia, tana yanka albasa kamar da ita take faɗan.

"Ya kira jiya."

"Ya ce me?"

"Ya ce a sa kabewa da yawa a kuskus ɗin. Tana so."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Rkia ta ajiye wuƙar ta kalli sama. "Ya Rabbi, ka ga dai ban yi magana ba."

*

Ana saukowa daga masallaci suka iso. Marwan ya zaunar da baƙuwar, Lamiya, a falo, ya faɗo kicin shi kaɗai, ya ja ƙofar. Yau doguwar riga ya saka, fara sol. Ya sunkuya ya sumbaci kan mahaifiyarsa.

"Mmi."

"Ka iso lafiya?"

"Lafiya. Mmi, maganar ranar nan..."

"Juma'a ka ce. Yau Juma'a. Ka iso."

"Don Allah ki saurare ni." Ya rage murya. "Hannun Lamiya ya tashi. Ya yi bororo, ya ɗuri ruwa, daidai yadda zanen yake. Likita ya ce tabon zai daɗe. Baƙin kika sa mata?"

"Shi ya zo hannuna."

"Sau nawa zan ce ki daina baƙin nan? Sau nawa zan ce ki daina fita gaba ɗaya?"

"Ka faɗa."

"Yanzu ga shi ta ce sai ta kai ƙara wurin 'yan sandan da ke kula da baƙi. So take gobe mu koma dandalin ta nuna matar. Na ce mata duk kamarsu ɗaya a cikin niƙabi, ba ta ji ba."

Mbarka ta zuba romo a kan kuskus ɗin, ta jera kabewa a sama.

"Me ka ce mata ina yi?"

Ya kau da kai wajen tukunya.

"Marwan."

"Ɗinki. Na ce kina ɗinkin kaftani a gida." Ya share gumi. "Mmi, ki gane. Mahaifinta likitan haƙori ne a can, mutane ne masu..."

"Mu ma muna da mai cire haƙori a dandali," in ji Rkia daga bayansa. "Da filaya. Sai a haɗa su su gaisa, sana'a ɗaya."

"Khalti Rkia, don girman Allah, yau ɗaya." Khalti, wato goggo, haka suke ce wa babbar mace a nan.

"Ni? Ai yau bebiya ce ni, ɗana. Ɗinki muke yi. Ni ce mai sa maɓalli."

Marwan ya kama hannun mahaifiyarsa biyu. Nasa sanyi ƙalau. "Yau kawai, Mmi. In an ɗaura auren ni da kaina zan gaya mata. Na rantse."

Ta duba zuciyarta ko za ta samu fushi, ba ta samu ba. Ta duba ko akwai kuka, babu. Fayau take kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

"To," ta ce. "Ɗauki madarar da dabinon."

*

Lamiya na ganinta ta miƙe tsaye. Doguwar nan ce dai, sai dai yau ta yafa gyale, hannun hagu a naɗe da farin bandeji har wuyan hannu. A Beljiyam aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar nan ba sai wannan zuwan. Larabcin da ke bakinta wurin kakarta ta koya, wata tsohuwar ƙauyen kan dutse, don haka in ta yi magana sai ka rantse 'yar shekara tamanin ce.

"Allah ya ja da ranki, Khalti. Ina gajiya? Ya gida, ya dabbobi?"

Rkia ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Dabbobi lafiya lau, 'yata! Ɗaya ne dai ya ɓace mana ranar Talata."

Marwan ya harare ta. Lamiya ta yi dariya ita ma, ba ta san me ake nufi ba.

Mbarka ta miƙa mata madara, ta sa mata dabino a baki kamar yadda ake yi wa amaryar gida. Yarinyar ta sumbaci kanta, ƙamshinta mai daɗi. Da a ce zuciyar Mbarka tana aiki a ranar, da ta so ta nan take.

"Me ya samu hannun?" in ji Rkia, wai ita bebiya.

"Kayya, Khalti, bari kawai! Wata muguwar mata ce a dandalin nan naku. Ina tsaye ina kallon biri, ban ce mata ci kanki ba, ta cafke ni kamar kaza. Ki ga yadda ya koma, da dare ba na iya barci. Kuma wai kyauta ce, don sa'ar aure!" Ta ɗaga bandejin. "Ga sa'ar nan."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Mbarka.

"Amin. Ni ba don kaina ba ma. Na ga tana kiran wata mata mai 'yar yarinya. In ta sa wa yarinyar fa? Sai na nemo mai lallen nan."

"A ci abinci," in ji Marwan da sauri. "Mmi, a kawo ruwan wanke hannu."

Mbarka ta ɗauko buta da tasa. Ta fara da baƙuwa, yadda aka saba. Lamiya ta miƙa hannun dama a kan tasar, ruwa ya zubo, sai ta tsaya tana murza yatsunta su kaɗai, ɗaya hannun a ɗage don kada bandejin ya jiƙe.

"Kawo in wanke miki, binti, 'yata."

Mbarka ta ajiye butar ta kai hannu.

Ba ita ta yi ba, jama'a. Hannun ne ya yi abin da ya saba. Babban yatsa ya sauka a kan jijiya, sauran huɗun suka shige ta ƙasa, ya juya hannun yarinyar bayansa ya kalli sama, caraf, cikin ƙiftawar ido.

Lamiya ta daina murmushi.

Ta kalli hannun da ke riƙe da ita. Ta daɗe tana kallo. Ruwa na ɗiga daga yatsunta cikin tasar.

Sannan a hankali ta ɗaga hannun mai bandeji, ta tare hancin Mbarka da bakinta daga nesa, ya rage idanu kawai.



"Ke ce," in ji Lamiya.

"Ni ce."

Marwan ya yi wata dariya marar daɗin ji. "Haba Lamiya, me kike faɗa haka? Mmi, wasa take..."

"Ni ce, binti," Mbarka ta sake cewa. Ta saki hannun. "Ba ni da keken ɗinki. Lalle nake yi a dandali tun kafin a yaye shi."

"Kin san yana ƙuna?"

"Na sani."

"Kin sani kike sa wa mutane?"

"Ina sa wa."

"Har yara?"

"Har yara."

Lamiya ta ja baya ta zauna, idonta ya kawo ruwa don haushi. "Ko ƙarya ba za ki yi min ba? Ko ki ce kuskure ne?"

"Ba kuskure ba ne. Shi baƙi suke so, shi nake sawa. In wurin 'yan sanda ne, ba sai gobe ba. Na san ofishin, su ma sun san ni."

Haka ta faɗe shi, kamar mai faɗin yau akwai rana.

Lamiya ta juya a hankali ta kalli Marwan.

"Kai fa?"

"Bai gane ni ba," Mbarka ta riga shi. "Niƙabi ne. Ga cunkoso. Duk kamarmu ɗaya."

"Khalti, ni sau ɗaya na ga idonki, na gane ki. Shi da ya sha nononki?"

Marwan ya kau da ido.

"Marwan, da kai nake."

Ya sunkuyar da kai. "Na gane ta."

"Tun a wurin?"

"Tun kafin in fizge hannunki. Muryarta na ji." Ya ɗago, fuskarsa ta yi ja. "To me kike so in ce? A tsakiyar masu biri da masu maciji in ce miki ga mahaifiyata, ita ce wannan da ta cafke ki? Haka kike so?"

"Eh. Haka."

"Ba ki san garin nan ba, Lamiya. Ba ki san yadda ake kallon..."

"Na san dai abin da ka yi." Ta nuna shi da yatsa. "Tun ranar nake zaginta a gabanka. Na ce mata ɓarauniya, ka gyaɗa kai. Na ce mata mayya, ka gyaɗa kai. Har kai ka ƙara min. Ka tuna abin da ka ce a wurin likita?"

"Lamiya, ya isa."

"Ka ce irin matan nan ko bakin ƙofarku mahaifiyarka ba ta barinsu su tsaya."

"Innalillahi," in ji Rkia can ƙasa-ƙasa.

Mbarka ta ji maganar sarai. Ta shiga kunnenta ta sauka wani wuri can ciki, ba ta ji ƙarar faɗuwarta ba. Idonta na kan akushin kuskus, tururin ya fara raguwa, kabewar da aka ce a sa da yawa ta kwanta a sama.

"Abincin zai huce," ta ce.

Lamiya ta kalle ta, sai hawayen suka zubo. Ta share da gefen gyale ta miƙe.

"Khalti, ina niƙabinki?"

"Yana rataye."

"Ki saka. Ki ɗauko kujerarki da kayan aikinki. Maganar hannuna tana nan tsakanina da ke, ban yafe ba tukuna, kuma baƙin nan a gabana za ki zubar da shi. Amma yanzu dandali za mu."

"Binti, ki bar shi. Yaro ne."

"Yaro mai gemu?" in ji Rkia, har ta ɗauko mayafinta.

Lamiya ta tsaya a kan Marwan. "Za ta zauna a inda take zama. Kai kuma za ka taho ta cikin mutane kamar ranar nan. Ka durƙusa ka sumbaci kanta, ka faɗa da ƙarfi ko wace ce, masu lemo su ji, mai biri ya ji. In ka yi, mu dawo mu ci kuskus ɗin nan ko ya yi sanyi."

"In ban yi ba fa?"

Zoben baikon a hannun dama yake tun da na hagun ya kumbura. Ta sa haƙori ta zare shi, ta ajiye a farantin dabino.

"Lamiya, akwai abokan aikina a garin nan. Akwai masu ɗaukar hoto ko'ina. Ki yi tunani."

"Na yi."

Mbarka ta san abin da fitar nan take nufi gare ta. In ya faɗi sunanta a dandali, kafin isha'i duk unguwa ta ji, ɓoyon shekara da shekaru ya tashi a banza. Ta tsaya a gaban ƙusar da niƙabin ke rataye. Za ta iya cewa a'a, ta rufa masa asiri kamar kullum.

Sai dai tana so ta sani. Abin da ya rage mata ke nan a ciki, son ta sani.

Ta ɗaura niƙabin. Rkia ta ɗauki kujerar, Lamiya ta karɓi jakar sirinjin da hannunta mai lafiya. Suka fito su uku, suka bar ƙofar a buɗe, Marwan na zaune a gaban akushi da zoben.

Lungun gidan dogo ne. Mbarka ba ta waiwaya ba, kunne kawai ta kasa. Ta san takun ɗanta tun yana koyon tafiya, yana ɗan jan ƙafar dama, ko cikin mutum dubu za ta ware shi.

Suka wuce gidan burodi. Babu taku.

Suka wuce famfon unguwa. Babu.

Daga nesa har an fara jin gangunan dandali.

A bakin lungun ta tsaya cak, ta ɗago hannunta tana kallon wurin da ruwan zafi ya zuba da safe.

"Rkia."

"Na'am?"

"Hannuna."

"Me ya yi?"

"Zafi yake min." Muryarta ta karye. "Wallahi zafi yake min, Rkia."

Lamiya ce ta waiwaya. Ta kalli can ƙarshen lungun, wajen ƙofar gidan, ta hango Marwan ya fito ya biyo su, sai jakar ta kusa suɓuce mata. Ta damƙe kafaɗar tsohuwar.

"Khalti," ta ce, "kada ki juya."